Reshe Uku a Cikin Safa

Da babana ya dawo daga Aljeriya
bai zo da rediyo ba, bai zo da bargo ba.
Reshe uku ya kawo, sirara kamar asuwaki,
a naɗe cikin safa mai danshi.
Inna Hurera ta jujjuya su a tafin hannu, ta ce:
Tsahiru, shekara huɗu,
iccen girkin ma da ka samo bai dafa kunu.

Ya ce can gonar gangarawa take har bakin teku.
Da asuba iska kan taho da gishiri,
ta bar shi a kan ganye, ta bar shi a leɓen mutum.
Mu dai ruwan da muka sani shi ne Daberam,
wanda in bazara ta matsa
yaro kan yi wa kwale-kwale dariya.
Nan gefen ya haƙa rami uku.

Gara ta ci ɗaya.
Akuyar Mati mai faci ta ci ɗaya,
har yau ba mu gama gaisawa da gidansu ba.
Na ukun ya yi shiru wata biyu,
sannan ya buɗe ido, kore, ƙanƙane,
kamar wanda ya farka a ɗakin baƙi.

Bayan kaka Baba ya ɗauko almakashi
ya yi wa kurangar aski har ƙwal.
Na yi kuka. Ya ce: ɗiyata,
wannan icce in ka ji tausayinsa, ganye zai ba ka.

Shekara ta uku rumfar waya ta yi nauyi.
Jemagu suka ji labari kafin maƙwabta.
Ya cire gidan sauronsa ya lulluɓe 'ya'yan,
shi ya kwana sauro na cin sa,
da safe yana susa yana ƙirga.

Ranar matsa, ni ke riƙe da rariya.
Baƙin inabi shi kaɗai, in ji shi, zaƙinsa ya cika surutu,
sai an haɗa shi da wanda zai tsawata masa.
Ludayi uku na inabi, ɗaya na zoɓon Inna,
citta kamar kan yatsa, kanumfari bakwai.
Ya ɗaga kofin gilashi ga rana,
ja ya sauko masa a gemu.
Can, ya ce, a ganga suke rufe shi, su jira shekara.
Ni ɗaukar kwando aka biya ni, ban taɓa kai shi baki ba.
Namu kafin magariba za a shanye.
Liman ma ya miƙo kofi sau biyu.

Wata shekara aka manta da saura
a tulu, bayan rumbu, kwana shida.
Ni na ji shi yana tsaki shi kaɗai,
kumfa ta ɗaga faifan.
Baba ya sunkuya, ya shaƙa,
bai ɗago da wuri ba.
Ya kira sunan wani Balkasim da suka yi kwando tare,
ya faɗi wata kalma da ba tamu ba, ba ta salla ba.
Sai ya ɗauki tulun da hannu biyu
kamar mai kai wa marar lafiya ruwa,
ya tsiyaye shi a gindin kurangar.
Ƙasa ta yi ja, ƙudaje suka zo,
shi ya tafi ya yi alwala.

Yanzu almakashin yana hannuna.
Rumfa ta kai goma sha ɗaya,
masu mota na zuwa daga Kano su saya da kwali.
Ban taɓa ganin teku ba.
Amma ranar aski, in zufa ta gangaro min leɓe,
nakan tsaya kaɗan
kafin in goge.